Jagora: Yadda Ake Binciken Muhalli Kafin a Ƙara wa Tashar Nukiliya Wa'adi a Amurka

Dokar makamashin nukiliya ta Amurka ta 1954 ta kayyade cewa lasisin gudanar da tashar wutar lantarki ta nukiliya ba zai wuce shekara 40 ba, amma ana iya sabunta shi. Ba don injin zai mutu a shekara ta 40 aka zaɓi wannan adadin ba, lissafin kuɗi ne da gudun kada kamfani ɗaya ya mallake kasuwa. Galibin tashoshin ƙasar sun fara aiki ne tsakanin 1970 da 1990, shi ya sa kusan dukkansu sun riga sun nemi ƙarin shekara 20. Tashar Calvert Cliffs ta jihar Maryland ce ta fara samu a watan Maris na 2000. Yanzu an shiga zagaye na biyu, wato daga shekara 60 zuwa 80.

Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasar, wadda ake kira NRC, tana bin hanya biyu a lokaci guda. Ɗaya ta lafiyar injin ce: tsufan ƙarfe, tsagewar kankare, lalacewar wayoyi da bututu. Ɗayar kuma ta muhalli ce, kuma a kanta wannan jagora ya tsaya. Tushenta dokar NEPA ce, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairun 1970, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya su auna tasirin babban mataki a kan muhalli kafin su ɗauka. A 1971 kotun ɗaukaka ƙara ta Washington, a wata shari'a kan wannan tasha ta Calvert Cliffs, ta tilasta wa hukumar nukiliya ta wancan lokaci ta bi dokar da gaske, ba a baki kawai ba.

Ko kai ɗalibi ne, ko ɗan jarida, ko ma'aikacin muhalli, ko mazaunin kusa da tasha, abin da zai fi yi maka amfani shi ne wannan: yawancin tambayoyin an riga an amsa su tun kafin a buɗe fayil ɗin tashar da ta dame ka. Aikinka shi ne ka gano waɗanda har yanzu ƙofarsu ke buɗe, ka shiga ta nan da hujja.

Mataki na farko: san abin da ake tambaya da abin da ba a tambaya

Hukumar ba ta tambayar ko ya dace a gina tasha a wurin, domin tana nan a tsaye shekaru da dama. Ba ta tambayar ko jihar na buƙatar wutar, wannan an bar wa jiha da kamfani. Shirin kwashe mutane idan hatsari ya auku da batun tsaron tashar su ma ba a sake buɗe su a sabunta lasisi, ana cewa suna ƙarƙashin sa ido na yau da kullum. Ma'aunin da hukumar ke amfani da shi a ƙarshe ƙunci gare shi: shin illar ƙarin shekara 20 ta yi girman da zai zama rashin hankali a bar wa masu tsara makamashi zaɓin ci gaba da tashar?

Mutane da yawa suna zuwa taro da zuciya cike, su yi magana mai ratsa jiki kan hanyoyin da za su cunkushe ranar gudu, a saurare su da ladabi, sannan a rubuta cewa batun yana wajen iyakar bincike. A ganina akwai nauyi a koken nasu, domin unguwar da take fili a 1975 ta iya zama gari a yau. Amma in kana son maganarka ta shiga rahoto, sai ka san inda za ka ajiye ta.

Mataki na biyu: karanta babban rahoton gama-gari

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. A 1996 hukumar ta fitar da wani babban rahoto mai lamba NUREG-1437, wanda aka fi sani da GEIS. Hikimarsa ita ce, tun da tashoshi suna kama da juna, ba sai an maimaita nazari ɗaya sau ɗari ba. Aka tattara batutuwan muhalli 92, aka kasa su. An sabunta shi a 2013 suka koma 78, aka sake sabuntawa a 2024 suka zama 80.

A bugun 2024, batutuwa 59 suna rukuni na ɗaya, wato an yanke hukunci a kansu ga dukkan tashoshi ko ga wani nau'in tashoshi. Ashirin suna rukuni na biyu, dole a bincika su a kowace tasha daban. Guda ɗaya, tasirin daɗewa kusa da manyan wayoyin lantarki a jikin mutum, an bar shi ba rukuni saboda masana ba su cimma matsaya ba. Kowane batu ana ba shi ɗaya daga cikin maki uku: ƙarami, matsakaici ko babba. Ƙarami na nufin ba a ma iya lura da tasirin, ko bai kai ya sauya wani muhimmin abu ba. Matsakaici na nufin ana ganin sauyi amma bai rusa albarkar ba. Babba kuwa ya kai ga rusa ta.

Nemi teburin da ya jera batutuwan, yana cikin sashe na 51 na dokokin hukumar. Ka zauna da shi, ka ja layi a ƙarƙashin na rukuni na biyu da suka shafi irin tasharka. Tashar da ke jan ruwa daga kogi ta mayar kai tsaye tana da tambayoyin da mai hasumiyar sanyaya ruwa ba ta da su.

Rukuni na ɗaya ba a rufe yake ruf ba. Idan an sami bayani sabo kuma mai nauyi, wanda zai sauya hoton da rahoton gama-gari ya zana, wajibi ne kamfani ya bayyana shi, ma'aikatan hukuma kuma su auna shi. Sharuɗɗan biyu ne tare, sabo kuma mai nauyi. Abin da aka sani tun 1996 ba sabo ba ne, komai zafinsa.

Sharar nukiliya ma tana cikin abin da aka yanke gaba ɗaya. Bayan wata kotu ta soke tsohuwar matsayar hukumar a 2012, an fitar da sabuwar doka a 2014 kan ci gaba da ajiye makamashin da aka gama amfani da shi a harabar tasha. Amurka har yau ba ta da ma'ajiyar dindindin ta wannan shara, don haka ƙarin shekara 20 na nufin ƙarin manyan tuluna na ƙarfe da kankare a jere a bayan tashar.

Mataki na uku: samo rahoton kamfani

Kamfani na iya neman sabuntawa tun saura shekara 20 lasisi ya ƙare. In ya miƙa takarda aƙalla shekara 5 kafin ƙarewar, tashar za ta ci gaba da aiki har a yanke hukunci ko da wa'adin ya wuce. Tare da takardar akwai rahoton muhalli da kamfanin ya rubuta da kansa. Yana nan kyauta a rumbun takardun hukumar na intanet mai suna ADAMS, kuma akan ajiye kwafi a ɗakin karatu mafi kusa da tashar.

Kada ka karanta shi shi kaɗai. Kowace tasha tana miƙa rahoto biyu duk shekara: na abin da ta saki a iska da ruwa, da na gwajin da aka yi wa ruwa, madara, kifi, ciyayi da laka a kewayenta. Ɗauko na shekara goma ka jera. Lamba ɗaya ba ta faɗa maka komai, amma lambar da ke hawa a rijiya ɗaya shekara bayan shekara magana ce.

Mataki na huɗu: lokacin shata iyaka

Da zarar an karɓi takardar, hukumar tana sanarwa a jaridar gwamnati ta Federal Register cewa za ta rubuta rahoto na musamman kan tashar, ta kuma nemi jama'a su faɗi abin da ya kamata a duba. Akan yi taro a garin da tashar take ko ta intanet, a buɗe ƙofar aika ra'ayi a rubuce na ɗan lokaci, sau da yawa wata guda. Tun ran gini ran zane. Abin da bai shiga nan ba, da wuya ya sami gurbi mai kyau daga baya.

Ra'ayin da ke aiki yana da kamanni. Yana ambaton wuri: wace rijiya, wane rafi, wane gefen tasha. Yana ambaton lokaci. Yana nuna shafin rahoton kamfani da ya yi shiru ko ya yi kuskure, ya kuma haɗa takardar da ke goyon bayansa, ko binciken jami'a ne, ko bayanan hukumar ruwa ta jiha. Masunci da ya shekara talatin a bakin ruwa ya ga wane kifi ya ɓace da wane wata ruwan ke ɗumi yana da ilimin da babu shi a ofis, sai dai a taimaka masa ya rubuta shi da kwanan wata da sunan wuri. Wasiƙa iri ɗaya da mutum dubu suka sa wa hannu akan amsa ta sau ɗaya ne.

A daidai wannan lokaci agogo na biyu ke tafiya, kuma shi mutane suka fi mantawa. Wanda ke son a yi zaman shari'a gaban alƙalan hukumar su uku yana da kwana 60 daga ranar da aka buga sanarwar damar neman shari'a ya shigar da buƙata. Dole ya nuna abin ya shafe shi, kuma zama cikin mil 50 daga tashar, kimanin kilomita 80, yakan wadatar. Dole kuma ya kawo ƙorafi takamaimai da shaidar masani ko takarda. Ƙalubalantar batun rukuni na ɗaya sai an nemi izini na musamman, kuma ba kasafai ake bayarwa ba.

Mataki na biyar: bi ruwa

A nan ya kamata ka kashe mafi yawan ƙarfinka. Tashar nukiliya kusan kashi ɗaya cikin uku kawai na zafin da take samarwa ke zama lantarki. Sauran kashi biyun sai an zubar, kuma ruwa ne ke ɗauka. Da yawa daga cikin rikice-rikicen muhalli da suka taɓa girgiza sabunta lasisi daga nan suka fito.

Fara da mashigar ruwa. Tashar Indian Point da ke bakin kogin Hudson a jihar New York tana jan galan kusan biliyan 2.5 a rana lokacin da take aiki. Manyan kifaye suna maƙalewa a jikin ragar mashiga, ƙwai da 'ya'yan kifi kuwa suna wucewa ta cikin bututu su sha zafi da matsi, yawancinsu su mutu. A watan Afrilun 2010 jihar ta ƙi ba tashar takardar shaidar ingancin ruwa da dokar tsaftar ruwa ta tarayya ta tanada. Takardar neman sabuntawa ta shiga tun 2007, amma sai 2018 aka ba da lasisin, bayan an riga an yi yarjejeniyar rufewa. Injin ƙarshe ya tsaya a Afrilun 2021. Haka tashar Oyster Creek ta New Jersey: ta sami sabon lasisi a 2009, amma a 2010 kamfanin ya amince ya rufe ta da wuri maimakon gina hasumiyoyin sanyaya ruwa, aka rufe a 2018. Abin lura a nan shi ne, ikon ruwa yana hannun jiha da hukumar kare muhalli ta EPA, ba NRC ba. Don haka nemi izinin zubar da ruwa na tashar, wanda ake sabuntawa duk shekara 5, ka duba ko yana kan wa'adi, da iyakar zafin da ya yarda a saki.

Sai ruwan ƙarƙashin ƙasa. Abin da aka fi samu shi ne tiritiyom, wani nau'in haidurojin mai fitar da tururin nukiliya, wanda ke tafiya da ruwa duk inda ya bi, kuma rabinsa ke raguwa duk shekara 12.3. Iyakar EPA a ruwan sha ita ce fikokuri 20,000 a lita, fikokuri kuwa ma'aunin tururin nukiliya ne. A Janairun 2010 an gano shi a rijiyar gwaji ta tashar Vermont Yankee, daga bututun da ke binne. Hukumar ta sabunta lasisin a Maris 2011, amma amana tsakanin tashar da jihar ta riga ta yi rauni, majalisar dattawan jihar ma ta kaɗa ƙuri'ar ƙin ci gabanta tun Fabrairun 2010. Tambayoyinka a nan su ne: rijiyoyin gwaji nawa ne, ina aka haƙa su, ina ruwan ƙasa ya nufa, kuma rijiyar sha mafi kusa tana ina?

Misalin da ya fi koyarwa shi ne Turkey Point, kudu da Miami a jihar Fulorida. Injinanta biyu sun fara aiki a 1972 da 1973. Maimakon hasumiya, an haƙa mata magudanan ruwa masu tsawon mil 168 a jimlace, ruwan zafi ya zagaya ya huce ya dawo. Magudanan ba su da daɓe. Rana tana ƙafe ruwan, gishiri yana taruwa har ya fi na teku, ruwan mai nauyi yana nutsewa ya bazu cikin ruwan ƙasa na Biscayne, wanda miliyoyin mutanen yankin ke sha daga gare shi. A bazarar 2014 ruwan ya yi zafin da sai da hukumar ta ɗaga iyakar da aka yarda zuwa digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Gundumar Miami-Dade a 2015 da jihar a 2016 suka ɗaure kamfanin da yarjejeniya, ya fara janyo ruwan gishirin da rijiyoyi a 2018. Amma waɗannan magudanan dai su ne suka zama gidan wani nau'in kada na Amurka, wanda ya kusa ƙarewa, har farfaɗowarsa a can ta taimaka aka sassauta matsayinsa a jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 2007. Mai bincike na gaskiya dole ya rubuta duka biyun, gishirin da kadan.

Wannan tasha ce ta fara samun lasisin shekara 80 a Disambar 2019. A Fabrairun 2022 kwamishinonin hukumar suka yanke cewa rahoton gama-gari na 2013 zagayen farko kawai ya rufe, ba na biyu ba. Aka mayar da wa'adin Turkey Point da na Peach Bottom ta Pennsylvania baya, aka sake nazari. Sai Satumbar 2024 aka maido wa Turkey Point wa'adinta zuwa 2052 da 2053. Ƙungiyoyin da suka jawo hukuncin na 2022 ba da ihu suka yi nasara ba, karanta kalmomin dokar suka yi da kyau.

Mataki na shida: sauran hukumomi da maƙwabta

Dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta wajabta tuntuɓar hukumar namun daji ko ta kifayen teku, kuma amsarsu tana iya zuwa da sharuɗɗan da ke shiga lasisi. Dokar adana wuraren tarihi ta wajabta tuntuɓar jami'in jiha da ƙabilun asali. Tashar da ke gaɓar teku tana buƙatar amincewar jiha cewa ta dace da tsarin gaɓa. Duk waɗannan wasiƙu suna cikin ratayen rahoto, kuma sau da yawa a can ake samun magana mafi gaskiya.

Al'ummar Prairie Island a Minnesota, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, waɗanda gidajensu ke 'yan ɗaruruwan mita daga tulunan sharar tashar, ba su tsaya a matsayin masu aika ra'ayi ba. A 2008 suka ƙulla yarjejeniya da hukumar suka zama abokan aikin rubuta rahoton a fannonin da suka fi kowa sani, kamar kaburbura da wuraren tarihinsu. Duk ƙaramar hukuma ko ƙabila da ke da ƙwarewa ta musamman tana iya neman irin wannan kujera.

Mataki na bakwai: hatsari da zaɓi

Tun bayan shari'ar tashar Limerick a 1989, ana buƙatar kowace tasha ta yi, sau ɗaya, nazarin gyare-gyaren da za su rage illar mummunan hatsari, a auna kuɗinsu da amfaninsu ga mutanen da ke cikin mil 50. In an yi shi a zagayen farko ba a maimaitawa, sai dai a duba ko akwai sabon bayani. Duba ƙidayar jama'ar da aka yi amfani da ita da shekarar bayanan yanayi.

Babin zaɓi kuma shi ne inda ake kwatanta ci gaban tashar da rufe ta a maye gurbinta da iskar gas, ko sabuwar nukiliya, ko haɗin hasken rana da iska da batura. A nan ina roƙon adalci daga kowane ɓangare. Ƙiyasin kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2014 ya sa nukiliya a giram 12 na iskar kabon a kowane kilowat na awa ɗaya, gas 490, kwal 820. Bayan rufe Indian Point, gas ne ya cike mafi yawan giɓin a New York. Kifin Hudson ya sami sauƙi, iska ta ɗauki nauyi. Rahoton da ya ɓoye ɗaya daga cikin biyun bai yi aikinsa ba. Ka kuma duba ko farashi da ƙarfin hasken rana da aka yi lissafi da su na bana ne ko na shekaru goma da suka wuce.

Mataki na takwas: daftari, rahoton ƙarshe da hukunci

Ma'aikatan hukumar suna ziyartar tashar, su duba takardu, su aika wa kamfani tambayoyi a rubuce. Waɗannan tambayoyi da amsoshinsu a buɗe suke a ADAMS, kuma suna nuna maka inda su kansu ma'aikatan suka ji shakka. Daga nan sai daftarin rahoto ya fito, a ba jama'a kwana 45 a al'ada.

Buɗe teburin maki tukuna, ka ga inda aka rubuta matsakaici ko babba, da inda kake ganin an rubuta ƙarami ba bisa hujja ba. Sannan ka nemi abin da ka faɗa a lokacin shata iyaka, ka ga yadda aka yi da shi. Ra'ayinka na wannan karon ya zama da lambar shafi da layi. Hukumar wajibi ne ta amsa duk ra'ayi mai ma'ana a rahoton ƙarshe, kuma amsar ita ce abin da kotu za ta duba in an kai can. EPA ma tana rubuta nata sharhin, yana da kyau a karanta shi.

Rahoton ƙarshe yana ɗauke da shawarar ma'aikata. In ɓangaren lafiyar injin ma ya kammala kuma babu shari'ar da ke jira, sai a fitar da takardar hukunci tare da sabon lasisi. Wanda ya shiga shari'ar hukumar bai gamsu ba yana ɗaukaka ƙara ga kwamishinoni, daga nan kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya cikin kwana 60. Ka sani cewa NEPA dokar hanya ce: tana tilasta a duba da gaske a kuma faɗa wa jama'a, ba ta tilasta a zaɓi abin da ya fi sauƙi ga muhalli.

Lokaci kuma yana ƙara ƙurewa. Da can aikin yakan ɗauki wata 22 in babu shari'a, 30 in akwai. Gyaran da aka yi wa NEPA a 2023 ya sa wa irin wannan rahoto iyakar shekara 2 da shafi 150, ko 300 in batun mai sarƙaƙiya ne ƙwarai. A Mayun 2025 umarnin shugaban ƙasa ya nemi hukumar ta riƙa yanke hukunci kan ci gaban tsohuwar tasha cikin shekara guda. Saboda haka kada ka dogara da adadin kwanakin da aka saba, sanarwar tashar da kake bi ita ce za ta faɗa maka ranar rufewa. Duba ranar ƙarewar lasisin tashar a shafin hukumar, ka fara tara rahotannin shekara-shekara da izinin ruwa tun kafin kamfani ya miƙa takardarsa, ka kuma yi rajistar samun sanarwar tashar ta imel domin kwana 60 ɗin shari'a daga ranar bugawa ake ƙirga su.